Gafakar da na ajiye a bayan randa

Shekarun baya da dama, tun gemuna bai san furfura ba, ina cikin malaman da ke zama a zauren alƙalin Gaya. Aikinmu mu saurari ƙara, mu buɗe littafi idan alƙali ya ce a duba masa wata mas'ala, mu rubuta abin da aka yanke. Mu biyu ne matasa a cikinsu, ni da wani abokina mutumin Toranke. A gaban malami ɗaya muka yi karatu, kuma ko shi ba zai musa ba cewa na fi shi hadda, na fi shi kyan rubutu. Wannan abu na riƙe shi a raina fiye da yadda ya kamata.

Wata shekara, ana gab da faɗuwar damina, manzo ya zo daga birnin Kano da takarda. Majalisar Sarki za ta zauna da malamai a sake duba yadda ake yanke hukunci a kan bashi da jingina da amana, kuma ana son kowane babban gari ya turo malami ɗaya ya faɗi abin da alƙalinsa ya gani. Maganar amana ce ta fi zafi. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun yi ta kuka cewa suna barin kayansu a hannun mutane, su dawo bayan shekara a ce musu wuta ta ci, ko ɓarawo ya shiga, mai ajiya ya yi rantsuwa, shi ke nan magana ta mutu. Shi ya sa wasu suka kawo shawarar a canza. Suna so duk wanda amana ta salwanta a hannunsa ya biya, sai in ya kawo shaidu biyu cewa ba sakacinsa ba ne.

Alƙali ya ce mu tattauna a gabansa. Ni na goyi bayan canjin, na kuma yi magana mai kyau, don har yau ina tuna yadda dattawa suka riƙa gyaɗa kai. Na ce mutane sun rage tsoron rantsuwa, to a tsorata su da biya. Abokina ya jira na gama, sannan ya yi magana a hankali yadda ya saba, kamar mai lissafa kaji. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mai karɓar amana alheri yake yi, ba a biyansa ko wuri ɗaya. In aka ce sai ya biya, gobe ba wanda zai karɓa. Matar da mijinta ya rasu ta rasa inda za ta kai hatsin marayu, matafiyi ya rasa wanda zai bar wa akuyarsa. A bar masa maganarsa da rantsuwarsa. In ya yi sakaci ya faɗa ya biya, in ya yi ƙarya shi da Allah."

Kwana uku bayan haka alƙali ya ce abokina ne zai tafi birni.

Na yi masa murna da baki, har na riƙe hannunsa ina addu'a. Amma da na koma gida tuwo bai shiga ba. Ni da na riga na ba da babbar rigata an wanke an buga, ina jiran a ce ni ne. Hassada ce ta kama ni, ba ni da wani suna da zan sa mata. A lokacin dai ce wa kaina nake kishin gaskiya ne, wai ana shirin tura ra'ayi mai rauni gaban manya.

Ranar da zai tafi ya biyo ta gidanmu da hantsi, jakinsa a ƙofa, da wata tsohuwar gafaka a hannunsa. Na san ta. A cikinta littafin fiƙihu yake, wanda mahaifinsa marigayi ya rubuta da hannunsa, ya cika gefen kowane shafi da bayanin abin da ya ji daga malamansa. Shi ne duk gadon da abokina ya samu.

Ya ce, "Malam, ɗakina yana yoyo, hanya kuma ga ruwa. Ka riƙe mini wannan har na dawo."

Na ce, "Ba za ka kira shaidu biyu ba?" Da wasa na faɗa, amma akwai ɗaci a ciki.

Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ra'ayinka ne, ba nawa ba." Ya miƙa mini ya hau jakinsa.

Duk wanda ya taɓa mallakar takarda a ƙasar nan ya san ba a ajiye ta a ƙasa, balle da damina. Ana ɗaura wa gafaka igiya ne a rataye ta a azara, nesa da bango, saboda gara. Nawa littattafan duk haka suke. Ranar farko na rataye tasa tare da su. Rana ta biyu na kalle ta na kawar da kai. Rana ta uku na sauko da ita na kwance igiyar. Na san amana ba a buɗe ta, ni ne ma nake koya wa mutane hakan. Amma zuciyata ta ce lallai a nan ya samo maganar da ta burge alƙali, ba daga kansa ta fito ba, kuma ina so in gani da idona.

Na yi wuni biyu ina karantawa. Ban ga wani sirri ba. Abin da na gani rubutun dattijo ne mai haƙuri, wanda in ya ji mas'ala ba ya barinta sai ya rubuta wanda ya gaya masa da garin da suka haɗu. A shafin ƙarshe ya rubuta ranar da aka haifi abokina da addu'ar da ya yi masa. Maimakon wannan ya sanyaya mini rai sai ya ƙara mini haushi. Nawa mahaifin manomi ne, ko baƙi ɗaya bai bar mini ba. Na tattara takardun na mayar, na ɗaure, ban rataye ba. Na jingina ta a bayan randa na ce anjima. A gaskiya ba na son in riƙa ɗaga kai ina ganinta a sama da nawa.

Mahaifiyata ta gani da ta shigo zuba ruwa. Ta ce, "Kai, waccan gafakar a ƙasa take fa."

Na ce, "Na gani, Inna, zan ɗauke."

Ta sake faɗa bayan kwana biyu, na sake cewa zan ɗauke. Daga nan ruwa ya sauka sosai, muka shiga shuka da noman farko, ga zaman zaure, ni kuma in na tuna da gafakar sai in tuna da mai ita yana can zaune a gaban manyan malaman birni, sai in ƙi waiwayawa. Duk wani bafatake da ya zo daga Kano sai na tare shi da tambaya, ina fatan in ji an ce wani malamin Gaya ya yi magana an yi masa dariya. Ba wanda ya kawo mini wannan labarin.

Ya fi kwana arba'in da tafiya ranar da Inna ta ce a kawar da randar za ta share wurin. Ina ɗaga gafakar sai gindinta ya zauna a ƙasa. Gara ta yi gininta daga bango ta shiga ta ƙasan fatar. Na kwance igiyar. Tsakiyar shafukan tana nan da saura, amma gefe, inda dattijon ya yi rubutunsa, ya zama ƙasa. Shafin ƙarshe babu shi sam. Inna ta tsaya a kaina da tsintsiya, ba ta ce ai na gaya maka ba. Cewa ta yi, "Yaron nan maraya ne," ta fita.

Kwanakin da suka biyo baya su ne nake jin kunyarsu fiye da komai. Na zauna ina auna matsayina. In ra'ayina ya ci a majalisa, biya ya hau kaina, kuma sai an kai ni gaban alƙalin da nake zama a zaurensa, a ji cewa malamin da ya fi kowa zafi a kan masu amana shi ne gara ta ci tasa. Daga ranar ba mai sake ba ni alƙalami a Gaya. In kuma ra'ayin abokina ya ci, in na rantse ban yi sakaci ba an gama. Ni da na yi kwana arba'in ina fatan a kayar da shi, sai ga ni bayan kowace salla ina fatan ya yi nasara.

Ya dawo ranar wata Alhamis da sabuwar riga da rawani da aka ba shi a can. Zaure ya cika. Ya ba da labari cewa an yi wa hukuncin jingina da na bashi gyare-gyare, amma a kan amana majalisa ta ƙi canjin, ta bar mai ajiya da maganarsa da rantsuwarsa. Ko a wannan hali da nake ciki sai da idona ya tsaya a kan ɗinkin rigar nan.

Alƙali ya tambaye shi yadda aka yi ya shawo kansu. Ya ce wani tsohon malami ne ya tsayar da shi ya ce, kai da kake wannan magana, za ka iya barin abin da ka fi so a hannun mutum ba tare da shaida ba? "Sai na ce masa, Allah ya gafarta Malam, ai na riga na yi. Littafin mahaifina yana can Gaya a hannun abokina, kuma shi ne ma ya fi kowa saɓa mini a wannan mas'ala. Ko sau ɗaya ban kasa barci saboda shi ba." Ya nuna ni. Duk zauren ya juyo, dattawa suna sa mini albarka. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyar yabo ce.

Bayan la'asar ya biyo ni gida. Na shimfiɗa masa tabarma, na ɗauko abin da ya rage na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya, yana hure ƙasar a hankali. Ya nemi shafin ƙarshe bai gani ba. Sannan ya tambaye ni, bai ɗago ba.

"A rataye take?"

Gara takan hau azara wani lokaci, shi ya sani, ni na sani. Da na ce eh da ya karɓa, ko rantsuwar ma ba na jin zai nema. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, na ji tankaɗen ya tsaya.

Na ce, "A ƙasa take, bayan randa. Inna ta yi mini magana sau biyu. Kuma na buɗe ta na karanta."

"Me kake nema a ciki?"

"Abin da ya sa aka zaɓe ka aka bar ni."

Ya tattara takardun. Can ya ce, "Da ka tambaye ni, da tare muka karanta." Ya naɗe takardun a cikin sabon rawaninsa ya tafi, ko sallama bai iya yi wa Inna ba.

Bai kai ni ƙara ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Ni na je na gaya wa alƙali da bakina, ya dakatar da ni daga zaure har bayan kaka. Abokina kuwa sai da aka yi wata biyar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da rani na sayar da gero na sayi takarda a wurin fatake, na ari irin littafin a hannun wani malami a Balan, na zauna ina kwafa. Shekara biyu ya ɗauke ni. Da na kai masa Toranke ya duba ya ce rubutun ya yi kyau, sai dai gefen shafi fari fat. Sannan ya ce, "Tunda ka karanta, kuma ka fi ni hadda, zauna ka faɗa mini abin da ka riƙe." Haka muka yi ta zama muna tuno maganar mahaifinsa, shi yana rubutawa. Addu'ar shafin ƙarshe ni na karanto masa ita. Inda duk muka manta muka bar shi fari, kuma wuraren suna da yawa.

Mutane sukan tambaye ni ko har yanzu ina ganin ra'ayina na farko shi ne daidai. Nakan ce ban sani ba. Abin da na sani shi ne shaidu biyu ba za su hana ni ajiye gafakar nan a ƙasa ba, kuma ba tsoron biya ne ya sa na faɗi gaskiya ba. Hassadar kuma ba zan ce ta tafi duka ba. Ta dai tsufa tare da ni, haƙoranta sun zube.

Daga baya abokina ya bi ayarin masu tafiya Makka ta gabas, tafiyar da ake yin shekaru ba a dawo ba. A nan ma ya riga ni, kuma na ji abin a raina. Da safen tafiyarsa ya tsaya a ƙofar gidana da sabon littafin a sabuwar gafaka, ba kowa a wurin sai mu biyu. Ya ce, "Malam, ka riƙe mini har na dawo. Wannan karon ka rataye ta."

Shekara goma sha ɗaya ke nan ba labarinsa. Gafakar ita ce waccan da ɗalibaina ke gani a azarar ɗakina, sama da littattafaina. Duk Juma'a nakan sauko da ita in duba fatar, in kakkaɓe, in mayar. Igiyarta tana nan da ƙullin da ya yi da hannunsa.