Sawun Ƙadangaren Roba

Warin roba mai ƙonewa ba ya barina in wuce lafiya. Ko tsohuwar taya aka cinna wa wuta a bayan kasuwar Sabon Gari, sai na sauya hanya.

Bari ka ji dalili. Mahaifina ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa. Da ya rasu, ƙanensa, Baffa, ya riƙe ni a Fagge. Katangarmu ɗaya da wata mata Kirista, 'yar kudancin Zariya, mijinta ma'aikacin jirgi. Da damina, in ruwa ya hana yara yawo, takan tara mu a barandarta. Ta dama bular wanki a murfin gwangwani, ta dama jar ƙasa a wani, ta shimfiɗa takardar buhun siminti. Tana da wani ƙadangaren roba mai dogon wuya, a aljihun rigar gwanjo ta tsince shi. Sai mu tsoma ƙafafunsa a bula, mu taka shi a kan takarda. Hannu shuɗi, goshi ja, ba mai yi mana tsawa. Da sawunsa ta fara koya mini boko. In ya taka ya zagayo inda ya fara, ta ce wannan "o" ne. Har yau shi kaɗai na sani.

Wata rana ta ba ni aronsa, na shigo da shi gida. Baffa ya gani.

"Wa ya kawo mini gunki gida?"

"Abin karatu ne, Baffa."

"Karatun ke nan, ki dawo kamar an tsamo ki daga marina?"

Ya jefa shi murhu. Wuyan ne ya fara lanƙwashewa. Matarsa ba ta daina tuƙin tuwo ba. Tuwon ranar warin roba yake, kuma na ci, don babu wani. Kashegari aka ɗora mini farantin talla. Maƙwabciyar ta shigo ban haƙuri, ko tabarma ba a shimfiɗa mata ba.

Yanzu shara nake yi a wata makarantar ƙananan yara a Sabon Gari. Suna da irin ƙadangaren nan cike da bokiti, dainaso suke ce musu. Yara su tsoma su a fenti, su ɓata takarda, su ɓata riga, malamai na tafa musu. In an tashi, ni ke wankewa.

A cikin yaran akwai jikar Baffa. Da Sallah na je gaishe shi, na tarar da takardarta manne a bango, sama da gadonsa. Sawu shuɗi, sawu ja.

"Kin ga aikin amaryata?" in ji shi. "Likita za ta zama."

"Na gani, Baffa. Ni na wanke gunkin."

"Wane gunki?"

Na dube shi da kyau. Ba basarwa yake ba. Bai tuna ba ne.

Zamani ya sauya, haka ake cewa. Ya sauya wa masu rabo. Ni dai gobe da safe bokiti na jirana. Zan cuɗa su ɗaya bayan ɗaya, har tsakanin yatsu, in shanya su a rana. Ban taɓa taka ko ɗaya daga cikinsu a kan takarda ba.