Taibatu, Wadda Ta Tare Ƙofar Mai Jego

Duk mai sammako a Ruwan Gizo ya san Inna Taibatu. Rana ba ta gama ɗagowa ba za ka hango ta bisa kabu-kabu daga Mafara, ta rungume kular allurai a cinya. Kafin ta zauna a ɗakin shan magani sai ta cika butoci, ta ajiye sabulu, ta buɗe tagogi iska ta ratsa. Sannan gaisuwa. Ita fa gaisuwarta ba ta da ƙarshe, sai ta tambaye ki har lafiyar awaki, amma cikin "ina gajiya, ina yara" take gano gidan da ake tari. Bana ta ajiye aiki, gashi ya yi fari, gwiwa ta fara ƙorafi. Bai kamata ta tafi shiru ba.

Abin da ta fi yaƙa da shi shi ne raina mura. Takan ce ƙato ya yi atishawarsa ya koma gona, amma idan ta sauka ƙirjin tsoho, ko mai ciki, ko jinjiri, magana ta canza. Don haka kowane yaro sai ta ga ya cika rigakafinsa, in kuma allurar mura ta samu, tsofaffi take fara bi gida-gida. Wanda ya ji tsoro sai ta naɗe hannun rigarta a yi mata a gabansa.

Amma abin da matan garin ba sa mantawa shi ne haihuwar Raliya. Yarinyar nan daga Gidan Goga suka taso ita da mijinta, lokacin da zama ya gagara saboda rashin tsaro. Ta riga ta binne ɗa guda, ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Sai ga ta ta haifi bakwaini ana tsakiyar marka, mura ta game gari, kowane gida ana jan majina. Kun dai san yadda barka take a wurinmu. Mata su cika ɗaki, jinjiri ya bi hannu-hannu, kowa ta tofa masa addu'a a fuska. Wa zai hana? Hana mutum ɗaukar ɗa ai kamar ka ce masa maye ne.

Taibatu ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa. Mai lafiya ta wanke hannu ta leƙa, mai tari ta yi barkarta daga tsakar gida. An yi gunaguni, ta shanye. Ana haka sai ga Hajiya Suwaiba, uwar miji, ta iso daga Bakura cikin ruwa, ido jawur, murya ta dushe, tana tari kamar ƙirjin zai tsage. Ta nufi ɗaki kai tsaye, Taibatu ta miƙe ta gaishe ta har ƙasa, amma ba ta kauce ba.

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke, ɗiyar wa ce ke? Jikana za ki hana ni?"

"Hajiya, angon naki ba gudu zai yi ba. Amarya da majina, ai sai ya ce ya fasa."

Mata suka yi dariya, Hajiya ba ta yi ba. Sai Taibatu ta rage murya, ta gaya mata cewa ƙirjin yaron bai kai tafin hannu ba, kuma Raliya ba za ta iya rashi na biyu ba. Ta ce addu'ar kaka ba ta buƙatar shiga ɗaki kafin ta isa. Sai tsohuwa ta ɗaga hannuwa daga inda take ta yi addu'arta, hawaye na zuba, Raliya na amsawa daga ciki.

Ba a rabu da daɗi ba, gaskiya. Hajiya ta daina amsa gaisuwar Taibatu, duk da haka kullum sai Taibatu ta zo ta duba zazzaɓinta, ta sa a dama mata kunu mai zafi, ta keɓe mata moɗarta. Da ta warke, Taibatu da kanta ta ɗora mata yaron a cinya. Ranar allurarsa kuwa Hajiya ce ta goya shi har ɗakin shan magani. Yaron nan shi ne Labaran, wanda yanzu yake korar kaji a tsakar gida.

Taibatu, ke ce kika yarda a ji haushinki don wata ta ga ɗanta ya girma. Ke ce garkuwar masu ƙaramin ƙarfi. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba gwiwar nan sauƙi.

Mu kuma da ta bari, kujerar nan ba ta fi ƙarfin kowa ba. A kai yara da tsofaffi rigakafi, a rufe baki in tari ya zo. In kuma mura ta kama ki aka yi haihuwa a maƙwabta, aika da barkarki ki zauna gida, 'yar'uwa. Zumunci ba zai mutu ba don kin makara.