Maharazu, Mai Barin Ɓarawo Ya Yi Nisa

Kullum bayan sallar asuba, kafin masu shayi su gama hura wuta, Malam Maharazu rewaya ya riga ya buɗe rumfarsa a bakin unguwar Sabo ta wajen Mokola. Zai yi shara, ya shimfiɗa kwali, ya jera filaya da tef da ƙullin wayoyi, ya jefa goro a baki ya jira motar farko. Gyaran wutar mota ne sana'arsa, amma direbobin kasuwar Bodija da maganin ɓarayi irin na talaka suka san shi. Duk wanda ba shi da ƙarfin sa tiraka, na'urar bin sawun mota, wajensa yake zuwa. Ya haɗa masa jiniya da hon ɗin tsohon babur, ya sa maƙeri ya yi masa ƙarfen kulle sitiyari, ya ƙara da sarƙa da kwaɗo a kan birki. Sai babban aikin, ɓoyayyen makunni mai yanke mai. In zai sa shi, kowa yake kora daga rumfar sai mai motar, kuma ba ya maimaita maɓoya ɗaya a mota biyu. Ni maƙwabcinsa ne tun gemuna yana baƙi, amma har yau ban san inda ya ɓoye na kowa ba.

A da makunnin nan take yake aiki. In ba a taɓa shi ba, mota ko tari ba za ta yi ba. Irinsa ya sa wa amininsa Hanzala, direban bas mai ɗauko doya daga ƙauyukan Akinyele. Wata safiya 'yan fashi suka tare Hanzala, suka fito da shi, suka karɓe makulli. Mota ta ƙi tashi. Suka ce ya nuna musu sirrin, ya tsaya gardama, suka harbe shi a gindin taya suka gudu. An dawo da bas ɗin zuwa Sabo ko ƙwarzane babu.

A wurin zaman makoki wani mai dogon baki ya ce, "Kai, amma aikin Maharazu ba wasa, ɓarayi sun kasa tafiya da ita!" Da kunnena na ji. Da idona kuma na ga Maharazu ya miƙe ya fita, ya bar takalmansa a bakin tabarma.

Ya daɗe bai buɗe rumfa ba. Da ya dawo, sai ya dawo da sabon salo. Yanzu mota za ta tashi a hannun ɓarawo, ta yi tafiya har ta ɓace wa mai ita, sannan mai ya yanke ta mutu. Kafin nan direba ya tsira da ransa. Ya kuma kafa sharaɗi: ba ya taɓa wayar motar kowa sai mutum ya faɗa da bakinsa, "In sun tare ni, zan ba su makulli." Da yawa suka yi fushi suka koma wurin masu sa irin na da. Kasuwarsa ta ja baya, bai kuwa janye sharaɗin ba.

Kai ne, Malam, ka yarda a ce aikinka ba shi da ƙarfi, don kada ka sake ɗaukar makarar mai mota.

Hanzala ya bar mata, Rahamatu, da 'ya'ya. Da babban ɗan, Nasiruddeen, ya kai munzali, ya gaji bas ɗin, wadda ita kaɗai ke ciyar da gidan. Ina zaune a rumfar Maharazu ya kawo motar.

"Baba, abeg, irin na da nake so," in ji shi. "Wanda ba za ta motsa ba. Motar nan ita ce tuwonmu."

"Irin na da ne ya mayar da kai maraya, Nasiru. Faɗi abin da kowa yake faɗa."

"Haba Baba, in miƙa musu motar ubana haka kawai?"

"Ni na binne ubanka. Faɗi, ko ka ja motarka ka tafi."

Ya faɗa, yana cizon haƙora.

Bara aka tare shi a kan hanyar nan dai. Ya ce da ya ga bakin bindiga, muryar Baba kawai ya ji a kansa. Ya miƙa makulli, suka tafi, shi kuma ya faɗa daji. Motar ta mutu a gaba yadda aka tsara, sai dai wurin babu kowa. Suka tura ta cikin kurmi suka kwance ta a tsanake. Ƙwarangwal aka samu, babu inji babu taya. Yau Nasiruddeen dako yake yi a Bodija, uwarsa tana sayar da tuwo daga cikin gida, ƙannensa biyu sun bar makaranta.

Sai 'yan zaman benci suka samu abin taunawa. Wai tsufa ya kama Maharazu, wai da irin na da ya sa, da motar tana nan. Wallahi maganar nan tana ƙona mini rai, domin wasunsu da su aka yi wa Hanzala salla.

Rahamatu ba mai fita ba ce, amma ranar da zancen ya kai kunnenta ta sa hijabi ta zo rumfar. Maharazu ya sunkuyar da kai, ya fara cewa, "Hajiya, ki yi haƙuri da batun motar..."

"Malam, ɗaga kanka," ta ce, yadda kowa zai ji. "Wancan karon mota aka kawo mini, aka wuce da mai ita maƙabarta. Wannan karon ɗana ne ya shigo da ƙafarsa ya ce mini yana jin yunwa."

Ƙarshen watan nan Malam zai rufe rumfa. Yanar ido ta rufe masa gani, ba ya bambance jar waya da baƙa, ya ce ba zai yi lalube a kan ran mutum ba. Ba wanda zai shirya masa walima, shi ya sa na rubuta wannan. Mun gode, Malam Maharazu. Allah Ya ba ka lafiya, Ya jiƙan Hanzala. Ku kuma rewaya masu tasowa, ku je ku koyi salon nan tun yana iya nuna muku da hannu. Direbobi, ku sa jiniya, ku sa kwaɗo, ku sa duk abin da za ku iya. Amma ranar da aka nuna muku bindiga, ku ba su makulli, ana jiran ku a gida.