Tokar Baba Sabo Mai Lagireto

Duk wanda ya saba fita daga Malumfashi da sassafe ta hanyar Funtua ya san wani dattijo a kan tsohon keke, da kwanon toka ɗaure a bayansa. Baba Sabo mai gyaran lagireto ke nan. Daga murhun matarsa Tani tokar ke fitowa, ita ke tankaɗe masa kullum kamar da ita za a tuƙa tuwo. In ya isa gindin darbejiyar da yake aiki, sai ya share ƙasa tas, ya ajiye kwanonsa, ya zauna jiran motocin da ke shan ruwa fiye da kima.

Abokan sana'a sun daɗe suna masa tsiya, wai bokanci yake yi. Shi kuwa ko a jikinsa. Barbaɗa tokar yake yi a ƙarƙashin mota, ya tada inji, ya jira ya ga inda ɗigon farko zai sauka. Sai ya gani da idonsa yake ɗaukar sifana.

Masu shakka su tambayi Ɗanladi, direban a-kori-kura na Dayi. A wani rani manoman garinsu suka loda masa tumatirinsu zuwa Funtua, inda manyan motocin Kudu ke lodi kafin la'asar. In ya makara, wahalar mutane ta wata da watanni za ta ruɓe a cikin kwanduna, shi kuma ba shi da sauran fuskar komawa gida. Motar dama ta kwana biyu tana shanye ruwa, don haka ya yi mata abin da direbobinmu suka gada: ya ɗebo garin kuka a ɗakin matarsa ya antaya a lagireto, wai yauƙin ya toshe huda. Da ƙyar ta kawo Malumfashi, tana tafasa tana huci. Wani a hanya ya riga ya faɗa masa gasket, shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa a cikin inji, ya ƙone, sai an sauke inji.

“Baba, ka rufa min asiri,” in ji Ɗanladi. “Kayan mutane ne.”

Ya kai hannu zai murɗe murfin lagireto. Baba Sabo ya cafke masa wuyan hannu.

“Bar shi ya huce, ɗana. Fuska ɗaya Allah ya ba ka.”

Ɗanladi na safa da marwa, yana leƙen kwanduna, dattijon bai taɓa murfin nan ba sai da ƙarfe ya yi sanyi. Da ya buɗe, ya tsoma yatsa, sai ga wani koren ruwa mai yauƙi ya biyo shi.

“Ɗanladi, miyar ta yi. Ina tuwon?”

'Yan kallo suka kwashe da dariya, amma shi tuni ya wuce ga aiki. Ya zaro sandar awon mai, ya ga man baƙi ne wul, bai koma kamar koko ba, alamar ruwa bai shiga cikinsa ba. Ya kwance lagireto ya wanke shi ciki da bai har ruwa ya riƙa fitowa garau, don kukar ta toshe hanyoyin ruwan gaba ɗaya. Ya mayar, ya cika, ya tada mota. Babu farin hayaƙi a salansa, babu kumfa a bakin lagireto.

“Gasket ɗinka lafiya lau,” ya ce. “Yanzu bari mu ji ta bakin toka.”

Ya rufe murfin, ya barbaɗa toka, ya durƙusa. Inji ya ɗau zafi. Ƙarƙashin lagireto a bushe, ƙarƙashin famfon ruwa a bushe, manyan tiyo ba su ɗiga ba. Can sai ga toka ta yi duhu a gefe guda, daidai ƙasan ɗan siririn tiyon da ya sauko daga wuyan lagireto. Da motar ta sake hucewa ya juya murfin ya nuna wa Ɗanladi: robarsa ta tsufa ta tsattsage, ba ta iya riƙe ruwa in ya yi zafi. Ashe babu huda ko ɗaya, Ɗanladi ya yi ta ɗura wa mota kuka a banza.

Aka sa sabon murfi. Tumatirin Dayi ya shiga motar Kudu da sauran rana.

Baba Sabo, kai ne mai sanyaya zuciyar ƙarfe. Kai ne wanda bai taɓa sauke injin talaka a kan zato ba. Ba mu da alƙaluman da za su ƙirga marasa lafiyan da ka sa suka isa asibiti, ko amfanin gonar da ka sa ya isa kasuwa, amma mun sani, kuma muna alfahari da cewa namu ne kai.

Bana gwiwa ta hana shi durƙuso, ya ajiye aiki. Ranar da ya yi sallama da gindin darbejiya, Ɗanladi ya zo da kwandon tumatir da ƙullin kuka, ya ce, “Baba, wannan ta Inna Tani ce. Na gane inda ake zuba ta.”

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi, ya saka wa Inna Tani da alheri. Ku kuma masu riƙe da sifana, ku koyi haƙurin dubawa kafin kwancewa. Ba tsada gare shi ba. Je ku Dayi ku gani, yanzu matan direbobi kukarsu na nan a tukunya, tokar murhunsu ce ba ta kwana.