Baƙon da Muka Sani a Salula

Ko da zan tsufa in manta sunayen jikokina, ranar da mutanen Dumega suka cika mini ƙofar gida da sanduna ba za ta fita daga raina ba.

Ni mai abinci ce a bakin tashar Dogon Dutsi, kuma ina da ɗakuna a bayan gida da nake saukar da baƙi. A nan wani saurayi ya sauka, mai ƙamshin turare, mai daɗin baki. Ya ce shi mawaƙi ne daga Yamai, ya zo ɗaukar bidiyo a gindin dutse. Ni ban san shi ba, amma 'yan kabu-kabu da ke cin shinkafa wurina suka duba salula suka hau ihu. Ga shi jingine da manyan motoci, ga shi yana waƙa, mabiyan shafinsa na intanet kuwa suka ce sun fi mutanen garin nan yawa. Tun daga ranar rumfata ta cika da 'yan kallo. Ni ma har wani ɗaga kai nake yi in an ce, "Hajiya, baƙonki ya tashi?"

Cikin masu zuwa akwai wata yarinya 'yar Dumega, tana koyon ɗinki wurin gwaggonta a nan garin. Mai kunya ce, ba ta da rawar kai. Baƙon nawa ya fara zuwa zance wurinta, har ya ce aure yake nufi. To kun san al'adarmu: kafin a karɓi gaisuwar mutum, sai an tashi wani cikin dangi ya je garinsu, ya ga gidan ubansa da idonsa, ya tambayi maƙwabta. Ƙanen ubanta aka ɗora wa wannan aiki. Maimakon ya shiga motar Yamai, sai ga shi a rumfata.

"Hajiya, ke ce mai masaukinai. Mi kika sani game da wanga yaro?"

Na ce, "Yana gaida mutane, yana sallah, bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Iyakar sanina ke nan."

Sai wani ɗan kabu-kabu ya miƙa masa salula. Dattijon nan ya kalla, ya sake kallo, ya washe baki ya ce, "Ai wanga duniya duk ta san shi, ina zai ɓuya? Mi zai kai ni Yamai?" Ya sha ruwa ya koma gida da labari mai daɗi.

Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi ina cikin zuba wa mutane abinci, sai ga gwaggon yarinyar a guje, ko takalmi babu. "Ina ɗiyarmu? Ina baƙonki?" Wai tun da safe yarinya ta fita, ta faɗa wa wata ƙawarta cewa zai kai ta Yamai ta gaida mahaifiyarsa su dawo. Na jefar da ludayi na ruga ɗakinsa. Wayam! Tabarmata kawai da kwalbar turare da ta ƙare. Aka kira salularsa, a kashe. Ta yarinyar ma a kashe. 'Yan kabu-kabu suka nemi shafinsa, ɗayansu ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, ya goge komi." Innalillahi! Duk labaran 'yan matan da ake tsallakawa da su iyaka, ba a ƙara jin ɗuriyarsu, suka taso mini lokaci guda.

Kafin azahar uban yarinyar ya iso da mutanensa, kowa da sanda. Idonsa ya yi ja. "Ke kika ajiye shi! Ke kika shaide shi! Ki fito mini da ɗiyata!" Wani daga baya yana cewa a cinna wa rumfar wuta. Ni kuwa ba a sanni da yin shiru ba. Na ce, "Malam, ni na haife shi? Ɗaki na ba shi, ban ba shi ɗiyar kowa ba!" Allah ya kawo limamin unguwarmu, ya tsaya tsakani ya ce duk wanda ke son yarinyar nan da gaske ya ajiye sanda a tafi wurin jandarmomi.

Can muka zauna a kan benci har la'asar ta wuce. Uban ya daina faɗa. Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba cikin gemunsa, kuma ganinsa haka ya fi sandunan ba ni tsoro. Ina ta addu'a a zuci, Allah ka dawo da ita da ranta, ko da rumfata za ta ƙone.

Sai aka bugo waya. An same ta a shingen jandarmomi kan hanyar Ƙonni. Ashe da mota ta hau kwalta, yarinya ta lura ba hanyar Dosso aka bi ba, an miƙa gabas, alhali Yamai yamma take. Ta tambaye shi, ya matse mata hannu ya ce ta yi shiru. Ta daure har shinge, sannan ta kurma ihu. Ya yi tsalle zai gudu, aka cafke shi. Babban jandarman ya ce mana mabiyan nan sayensu ake yi kamar yadda ake sayen gero a kasuwa. Motocin na mutane ne a wurin wankin mota, muryar waƙar ma ta wani ce. Ba ɗan Yamai ba ne, kuma ba ita ce ta farko ba. Inda zai kai ta, jandarman bai faɗa mana ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Da aka kawo ta, ko gama hamdala ba a yi ba aka shiga rabon laifi. Uban ya ce ƙanensa ne bai yi bincike ba. Ƙanen ya nuna ni. Ni na nuna 'yan kabu-kabu. Daga ƙarshe duk suka juya kan yarinya, wai kwaɗayin suna ya ja ta. Uban har ya ɗaga hannu. Tana kuka ta ce, "Baba, ba kai ke nuna shi a salula bakin masallaci kana cewa ga surukinka ba?" Hannun ya sauka a hankali.

Shekaru sun wuce. Babban mai laifi shi ne maƙaryacin nan, ban taɓa shakka ba. Amma ya ruɗi dattijo mai furfura, ya ruɗi uba, ya ruɗe ni da na kwana gida ɗaya da shi, sai a ce yarinya ce kaɗai ya kamata ta gane shi? Mu manya aikinmu ne tambaya, muka bar wa salula. Abin da na koya shi ne, sanin fuskar mutum ba sanin asalinsa ba ne, kuma yanzu in an zo tambayata kan baƙo, nakan ce, "Ban san shi ba, ku je garinsu." Mu duk muna yawonmu, ba mai nuna mu. Ita da ta ceci kanta, har yau in ta shigo kasuwa sai ka ga mata suna taɓa juna suna nuna ta.