Hafsan Da Ya Zaɓi Gajeru

Ko zan manta komai na zamana a Makka, ba zan manta da wani gurgun hafsan sojan ruwa da na ɗauka a kafaɗa ba. A shekarun alif ɗari tara da sittin ne, ina zaune a unguwar Tandabawi, sana'ata ɗaukar alhazai marasa ƙarfi a shibriyya, wato gadon katakon da mutum huɗu kan ɗaga a yi ɗawafi da shi. Ni kuwa gajere ne, shi ya sa kullum ni ake bari a baya.

Rannan bayan la'asar sai ga wani alhaji daga wata ƙasa ta gabas yana dogara sanda. Shugabanmu ya yi maza ya jero masa zaratan samari, dogaye, yana cewa, "Ya hajj, waɗannan kafin ka ƙifta ido sun gama, halas!" Mutumin ya bi su da kallo, ya ga wani ya ɗara wani tsawo, sai ya wuce su. Ya zo ya dafa kafaɗata, ya nemo wasu uku daidai ni. Abokan aiki suka fashe da dariya, wai alhaji ya zaɓi turame. Shi ko a jikinsa. Da Larabcinsa mai tsami ya ce, "Ba sauri na zo saye ba. So nake in sauka lafiya."

Muka yi ɗawafi gadon bai karkata ba ko sau ɗaya. Daga nan ya riƙe mu har ƙarshen hajinsa, muka saba, har gida na kai shi shan shayi. A nan na tambaye shi labarin ƙafar.

Ashe matuƙin jirgin saman yaƙi ne. Ƙasarsu ta samo sababbin manyan jiragen ruwa waɗanda jiragen sama ke tashi da sauka a kansu, aka sa shi cikin masu zaɓen irin jirgin da zai dace da su. Na ce, "A kan ruwa, ya hajj?" Sai ya jawo bencinmu, ya ɗaure zare a gicciye, ya ɗauki cokali. Ya nuna mini yadda jirgi ke zuwa a guje, ƙugiyar wutsiyarsa ta kama igiyar ƙarfe da aka gitta a filin sauka na kan jirgin ruwan, alhali filin yana rawa da igiyar ruwa. In ta kuskure, sai teku. Wajen irin wannan sauka ya karya ƙafarsa.

Manyansa sun ƙwallafa rai a kan wani jirgi mai gudu, mai kyan gani a fareti. Shi kuwa ya ce jirgin ya yi wa filin nauyi, kuma ba ya iya rage gudu wajen sauka. Ya fi son wani mummuna, mai naɗe fikafikai, mai sauka a hankali. Aka ce ya je ya yi tunani: ko ya sa hannu a ɗauki mai gudun, ko ya ajiye kaki. Yana cikin wannan tunanin ne ya zo haji.

Mahaifiyata tana jinmu daga ƙofar ɗaki, na fassara mata. Ta ce, "Ya waladi, gaya masa yana da iyali, ya sa musu hannu mana." Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, yaran da za su tuƙa shi ma suna da uwaye."

Bayan 'yan shekaru wani saurayi ya zo Harami yana cigiyar gajerun masu shibriyya. Da aka nuna masa ni, ya ce hafsan ne ya aiko shi. Ya ce hafsan ya ƙi sa hannu, an yi masa ritaya, yanzu yana zaune a ƙauyensu. Amma ƙin nasa ya sa aka sake gwaji, aka koma ga mummunan jirgin. "Shi nake tuƙawa," in ji saurayin. "Na sauka da shi cikin hadari, ga ni a gabanka." Sai ya sunkuya ya sumbaci kafaɗata, ya ce haka aka umarce shi. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Tun daga ranar na gane cewa in an ɗora maka zaɓen abin da zai ɗauki ran wani, ba mai burgewa ake dubawa ba, wanda zai sauke shi lafiya ake nema, ko da kai zaɓin zai kayar.