Yatsu Biyu da Dutsen Ya Bari

A tashar mota, Yangzom mai shayi tana kallon wani baƙon tsoho. Bayansa a duƙe yake, goshinsa da kantar igiya, da alama dako ya yi wa masu hawan dutse har ƙarfinsa ya ƙare. Kusa da shi wani jagora yana nuna ƙololuwar wani dutse mai ƙanƙara da yatsa, yana jera wa 'yan yawon buɗe ido sunayen Turawan da suka fara hawanta.

Tsohon ya buge masa hannu. "Kai, marar kunya! Dutsen nan sa'anka ne, kake nuna shi da yatsa?"

"Baba, aikina nake yi."

"Aikin banza! Wa ya goya musu kaya har sama?"

Sai tsohon ya miƙa tafinsa a buɗe wajen dutsen, yadda ladabi ya tanada. Yatsu biyu kaɗai sanyin ƙanƙarar dutsen ya bar masa.